Hagu da Dama a Littafin Malam Uwaisu

Lyon, Faransa
20 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashina Malam Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hasiya da 'yata Rabi'a. Yaya ƙafar Kawu Dalhatu? Inna ta ce min har yanzu a zaune yake sallah. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa tun ban shirya masa ba.

Kwana goma ina kiran wayarka ba ta shiga. Har na gama tsara tsiyar da zan yi maka, sai Yaya Shamsu ya gaya min an datse layin waya a Jibiya gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Shi ya sa na rubuta wannan da hannu. Zan ɗauki hotonta in tura masa a Katsina, ya fitar a takarda, ya ba direban da ke zuwa tasharku. Kai ma ka biyo da amsa ta hanyar nan.

Alfarma nake nema, kuma ba ka isa ka ƙi ba. Ka san karatuna a kan ra'ayin jama'a ne, wato yadda mutane ke kallon siyasa. A ƙasar nan, in ka tare mutum a titi ka ce masa, "Kai ɗan hagu ne ko ɗan dama?" nan take zai ba ka amsa, kamar ka tambaye shi sunan garinsu. Malamina yana shakkar ko tambayar tana da ma'ana a wurinmu. Ni na ce tana da ita. Ina so ka tambayar min mutum sittin, a Jibiya da Magama da ƙauyukan kusa.

Ga asalin abin. Sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, lokacin da Faransawa suka tayar wa sarkinsu, majalisarsu ta zauna. Masu son a bar wa sarki ikonsa suka taru a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa suka taru a hagu. Wurin zama ne kawai, sai sunan ya bi su har yau. Yanzu in an ce hagu, ana nufin masu son gwamnati ta sa hannu ta rage ratar da ke tsakanin mai hali da talaka: asibiti da makaranta kyauta, haraji mai nauyi a kan masu dukiya, a canza abin da aka gada in yana danne wani. In an ce dama, ana nufin masu cewa a bar kowa da kasuwarsa da guminsa, gwamnati ta tsaya kan tsaro da doka, a riƙe al'ada da addini da girman na gaba. Su ne kake jin rediyo na kira masu ra'ayin riƙau.

Ka ja layi a takarda, daga ɗaya zuwa goma. Ɗaya can ƙarshen hagu, goma can ƙarshen dama. Ka yi wa mutum bayani, ya nuna maka inda yake tsaye. Ka rubuta shekarunsa da sana'arsa da lambar da ya zaɓa da gefen da ta faɗa. Kada ka rubuta sunan kowa.

In ka yi min wannan, zan daina ba mutane labarin ranar da tunkiya ta kore ka daga rijiya. Ka gaishe min da Kawu da kowa da kowa.

Taubashiyarka,
Khadijatul Kubra

*

Jibiya
3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Kubra,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Juma'a, tana warin kifi, don a aljihun direba ta kwana tare da tsarabar matarshi. Muna lafiya. Rabi'a ta yi zazzaɓi amma ta miƙe. Ƙafar Baba na nan yadda kika sani. Gari kuwa sai addu'a: ba waya, kara a rufe, an hana saida mai a jarka, kowa na kallon kowa.

To, 'yar Turai, kin jefa ni cikin abin da ban taɓa gani ba. Na fara da majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ban rufe baki ba wani dattijo ya ce, "A'uzu billahi! Malam Uwaisu, kai da iliminka kake tambayar Musulmi ko ɗan hagu ne? Ka manta waɗanda za su amshi littafinsu da hagu ranar ƙiyama?" Mutum tara na farko, duk goma suka ce, kafin in yi bayani. Ɗaya ma cewa ya yi ko akwai sha ɗaya.

Sai na canza dabara. Na daina fara faɗin hagu da dama, na koma tambayar abin da mutum ke so a yi, daga baya in nuna mashi layin. Nan ne kaina ya ɗaure. Kin tuna Salmatu mai tuwo a bakin boda, Magama? Ta ce tun da aka rufe boda shekara biyu ke nan, tukunya uku ta koma ɗaya, don haka gwamnati ta janye hannunta daga hanya, a bar mutane su yi fataucinsu. Na ce a raina, dama. Sai ta ce amma taki da maganin asibiti dole a ba talaka kyauta, a tatso daga masu manyan motoci. Na ce, au, hagu. Sai kuma ta ce yaran da ke yi wa manya tsageranci a tasha, a riƙa zane su a bainar jama'a. Na ce, "Hajiya, ina zan sa ki?" Ta ce, "Kai da ka zo da layin, ni na ja shi?" Da ƙyar ta ɗora yatsa a kan huɗu.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne Baba. Na karanta mashi takardarki, sai ya ce, "Mu a lokacinmu ba hagu ba dama. Ko kana bayan sarakuna, ko kana Sawaba." Ashe yana ɗan shekara ishirin an ɗaure shi wata uku don ya ƙi tuɓe takalmi ya faɗi gaban wani mai sarauta! Kubra, shekarata arba'in da ɗaya a gidan nan, ban taɓa ji ba. Na ce, "To Baba, ashe kai ɗan hagu ne." Ya fusata. Ya ce su da suka ce a daina zaluntar talaka, da addini suka faɗa, kuma shi ke jan sallah a kurkukun. Ya hana ni sa mashi lamba.

Amma akwai abin da na lura. In mutum ya fahimci bayanin, masu rumbuna da manyan shaguna sun fi tafiya tara da goma, leburori da masu ƙananan gonaki su tsaya biyu da uku. Ba duka ba, amma ya yi yawa a ce sa'a ce. Alhaji Ummaru mai hatsi na Tungar Marke, ƙauyen da na yi koyarwa shekara shida, ya ce mani, "Sa ni goma, ka ja layi ƙarƙashi. Wanda bai yi noma da ni ba kada ya raba mani hatsina."

Na kai mutum arba'in da ɗaya, duk a cikin littafin makaranta guda. Na rubuta sunan kowa kamar yadda kika ce, har da unguwarshi, don kada ki ce na yi maki algus. Sati mai zuwa zan koma Tungar Marke in cike, har rugar da ke bayan garin. Shugaban 'yan sa-kai na can ya tsaida ni ya ce wa ya aiko ni nake bin gidaje. Na ce taubashiyata ce da ke Turai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ba ni hanya.

Ke kuma da kika tada wannan rigima, ina kike a layin?

Naki,
Uwaisu

*

Lyon
9 ga Oktoba, 2021

Yaya Uwaisu,

Gaisuwa a gurguje, Allah ya ƙara wa Rabi'a lafiya. Ka karanta wannan a tsaye.

Wane suna? Ni cewa na yi KADA ka rubuta sunan kowa! Ina gama karanta wasiƙarka na kira Yaya Shamsu, na sa ya koma wurin masu kwamfutar da suka fitar masa da takardar. Sun sake fitarwa ya gani da idonsa: injin yana yanke gefen shafi. Kalmar "kada" ita ce ta ƙarshe a layin, ta tafi. Abin da ya iso gare ka shi ne "ka rubuta sunan kowa."

Don Allah, yau ɗin nan, ka kwafe shekaru da sana'a da lamba a wata takarda, ka ƙona littafin. Kada ka koma Tungar Marke. Mutum arba'in da ɗaya sun ishe ni, ko ba ko ɗaya ma na haƙura. Littafi mai sunaye da unguwanni a wannan lokaci, a hannun mutumin da ya ce daga Turai aka aiko shi? Laifina ne. Ina zaune nan cikin ɗakin karatu, na manta yadda gida yake.

Ka tambaye ni ina nake a layin. Wallahi ban sani ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, ita ta kai ni asibiti lokacin da na kwanta, ita ke yabona don ba na shan giya kuma ina girmama iyaye. Rannan na ga takardar jam'iyyar da take zaɓa a kan teburinta: 'yan can ƙarshen dama ne, masu cewa a kori baƙi irina. Na tambaye ta, ta ce, "Ai ba ke ba, sauran." 'Yan hagu kuma su ke fita zanga-zanga don a bar mu mu zauna, amma wata daga cikinsu ta taɓa kama mayafina tana tausaya min, wai wata rana zan sami 'yanci. Na rasa inda zan tsaya.

Bar wannan duka. Ka ƙona littafin, ka rubuto min cewa ka ƙona.

Kubra

*

Lyon
22 ga Oktoba, 2021

Yaya Uwaisu,

Sallama da fatan alheri. Kwana goma sha uku ke nan ban ji daga gare ka ba. Yaya Shamsu ya ce direban ya yi kwanaki bai fita ba saboda hanya, daga baya ya kai takardar, amma bai dawo da komai ba. In na matsa masa da tambaya sai ya ce yana cikin kasuwa, zai kira ni. Inna ma ta daina ɗaukar wayata sai da rana tsaka, ta yi gaisuwa ta kashe.

In fushi kake yi, ka yi, amma ka rubuto layi ɗaya. Ko Hasiya ta rubuto.

Kubra

*

Jibiya
28 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Kubra,

Assalamu alaikum. Ni ce Hasiya. Muna gaishe ki. Baba ya ce kada a gaya maki sai kin gama jarrabawa, amma ni na ga ya kamata ki sani, tunda aikinki ne.

Baban Rabi'a yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ranar Litinin sha ɗaya ga wata 'yan bindiga suka shiga Tungar Marke. Gida biyu kawai suka nufa. Suka tafi da Alhaji Ummaru mai hatsi, da mai shagon maganin garin. Ranar Laraba Malam ya ce zai je jaje. Na ce ya bari ƙura ta lafa, ya ce mutanen da ya koyar da ɗiyansu shekara shida, ba zai zauna ba. Littafin nan yana cikin jakarshi, don kullum tare suke.

A bakin gari 'yan sa-kai suka tare shi suka zazzage jakar. Kubra, ki yi tunanin abin da suka gani. Sunaye, unguwa-unguwa. Gaban sunan Alhaji Ummaru an rubuta dama, goma, an ja layi ƙarƙashi. Gaban sunan mai magani an rubuta dama, tara. Suka ce shi ke nan, an kama mai kai rahoto. Wai dama su ne waɗanda za a ɗauka, goma na farko, tara na biye. Wai hagu kuma su ne mutanen ɓarayi da aka ce kada a taɓa. Ya yi masu bayanin majalisar Faransa, suka ce ya raina masu hankali. Ya ce ke kika aiko shi, suka ce da ma ya taɓa faɗa da bakinshi cewa daga waje ake ba shi aiki.

Kwana huɗu yana hannunsu a wani kango. Ba zan rubuta maki abin da suka yi mashi ba. Kunnenshi ɗaya ba ya ji har yanzu, kuma ba ya iya kwanciya da baya.

Takardarki ta biyu ta iso ranar Juma'a, yana kwana biyu a can. Na karanta, na zauna ƙasa. Na kai wa Baba. Mutumin da ko masallaci ba ya iya zuwa, ya ce a ɗora shi a Keke Napep. Ya tafi da takardunki biyu, da hedimasta, da Salmatu mai tuwo, wadda ta rufe rumfarta ta bi su ba wanda ya roƙe ta. A gaban dagaci Salmatu ta ce, "Ni ma ina cikin littafin, hagu huɗu. In mutanen ɓarayi ne hagu, ku fara da ni. Shekara talatin kuna cin tuwona." Aka karanta takardunki a bainar jama'a, aka kira mutum bakwai da ke cikin littafin, kowa ya faɗi yadda aka tambaye shi. Ranar Lahadi suka sako shi, a kwance.

'Yan gari da aka rubuta wa hagu, kowa ya sami mai tsaya mashi. Amma akwai wani dattijon Bafulatani mai suna Yahya, na rugar bayan gari. Shi ma suna ganin sunanshi suka je suka ɗauko shi ran nan. Shi ba wanda ya je dominshi. Da aka tambaya, sai suka ce nashi daban ne. Sai da ya kwana tara aka sake shi, kuma mun ji iyalinshi sun kwashe shi sun tsallaka Nijar.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Ke kina can inda ake tambayar mutum ra'ayinshi ya amsa ya wuce. Nan in ka tambayi mutum yawan kajinshi sai ya kwana yana tunanin wa ya aiko ka. Na san ba da nufi kika yi ba. Amma Rabi'a ta ga yadda aka shigo da ubanta.

Hasiya

*

Lyon
30 ga Oktoba, 2021

Maman Rabi'a,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta wasiƙarki sau uku, har yanzu ban yarda da idona ba. Ina gaishe ki da jinya, ina gaishe da Kawu, Allah ya saka masa, shi da Hajiya Salmatu.

Ba ni da bakin kare kaina. Ba injin da ya yanke kalma ba ne mai laifi. Ko da kalmar ta iso, ni na tura mutum ya bi gidaje da takarda a garin da aka datse wa waya saboda masu kai rahoto. Na san da haka, ban tsaya na yi tunani ba, don ina so in nuna wa malamina cewa ni ce da gaskiya. Ki yafe min in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba.

Na roƙi Yaya Shamsu ya zo ya ɗauki Yaya Uwaisu ya kai shi wurin likitan kunne a Katsina. Don Allah ki sa baki ya yarda.

Shi kuma dattijon nan, Yahya, wane hali yake ciki? Wa ya san inda suka sauka? Ki taimaka ki bincika min.

Kubra

*

Jibiya
5 ga Disamba, 2021

Kubra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na samu sauƙi, na koma aji sati biyu da suka wuce. Likita ya ce kunnen sai dai haƙuri. Baba ya kwanta kwana goma bayan tafiyar nan, yanzu ya tashi. Alhaji Ummaru da mai magani sun dawo gida da ransu. Hasiya ta ce in gaishe ki, kuma ita ta ce in faɗa, ba ni na ƙara ba.

Ko an maido da waya gobe, wannan magana ba zan iya yin ta da baki ba, shi ya sa na rubuta.

Yahya ya rasu. Ranar sha tara ga watan jiya, a wata ruga kusa da Ɗan Isa, cikin Nijar. Haƙarƙarinshi ne da aka karya, ya yi ta aman jini. Sun kai shi wurin lokotoro, wato likitan can, amma an makara. Shekararshi sittin da bakwai. A bayan Tungar Marke aka haife shi, a nan aka haifi ubanshi.

Jiya na je ta'aziyya. Na bi ta hanyar ƙafa tare da wani mai kai nono da ya san wurin. Na iske bukkoki huɗu sababbi da shanu ba su fi goma ba. Da aka ce ga malamin da ya rubuta littafin, maza suka miƙe tsaye. Na yi zaton ƙarshena ke nan, kuma ban ji zan gudu ba. Sai matarshi, Luba, ta ce a shimfiɗa mani tabarma.

Bayan addu'a ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Malam, sun ce an rubuta wani abu gaban sunanshi. Shi har ya rasu bai san ko mene ne ba. Me ya ce maka?"

Kubra, ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko Hasiya. Ranar da na je rugar, na yi mashi bayanin layin sau biyu. Ya saurara da kyau, yana murmushi, ya ce shi bai gane ba, kuma bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Na ce to me kake so gwamnati ta yi? Ya ce rijiya, don matansu na tafiyar awa guda neman ruwa. Ya ce allurar shanu, kamar yadda ake yi da. Ya ce a sa malami a rugar, jikokinshi mata su iya karanta takardar asibiti. Ya ce kuma in an yi rigimar gona da burtali, a saurari kowa kafin a yanke. Na ce mashi, "Baffa, ai kai ɗan hagu ne." Ya yi dariya ya ce, "Yadda ka gani, Malam." Bai taɓa layin ba. Ni na ɗauki biro na rubuta hagu, biyu. Rana ta yi, ina sauri in cike sittin.

Haka na gaya mata, ban rage komi ba. Na ce, "Inna, bai zaɓi komi ba. Ni na zaɓa mashi."

Sannan ta ce, "Rijiyar da ya faɗa, ka rubuta ta?"

Na ce a'a. Lamba kawai aka ce in rubuta.

Ta tashi ta shiga bukka, ba ta sake fitowa ba. Na zauna har inuwa ta juya. Da na miƙe zan tafi, surukinta ya raka ni bakin hanya. Ya ce ta ce a gaya mani ba ta riƙe ni a zuciya ba, don na zo da ƙafata. Amma ta ce ita wadda ta aiko a tambayi mijinta, tunda har tana son jin ra'ayinshi daga wata ƙasa, to ta zo ta ji sauran daga bakin matarshi, don akwai abin da bai ƙarasa faɗa ba.

Ban yi mata alkawari ba. Ba ni aka kira ba.

Littafin yana wurin dagaci, ya ce ba zai bayar ba, ni ma ban nema ba. Ki gaya wa malaminki abin da kika ga ya dace. In ya tambaya ko tambayar tana da ma'ana a wurinmu, ni dai ban san amsa ba. Mutum hamsin da takwas na tambaya.

Naki,
Uwaisu

*

Lyon
8 ga Disamba, 2021

Yaya Uwaisu,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baffa Yahya, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya ƙara maka lafiya.

Na nemi hutun wata uku, an ba ni. Jirgina zai sauka Yamai ranar ashirin ga wata, washegari in kama motar Maraɗi, in kwana biyu gidan Gwaggo Hassana. Inna ta yi kuka ta ce hanya ba kyau, na ce mata na ji, amma zan je.

Ranar Alhamis ashirin da uku, ka same ni a tashar Ɗan Isa da hantsi, ka zo da mutumin da ya san rugar. Ba zan zo da takarda ko biro ba. Ban san abin da zan ce wa Luba ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Ka aika a gaya mata ina tafe.

Kubra